Jakar Bahago

"Kwana biyu ka ce."

"Na ce kwana biyu."

"Yau kwana tara, Auta. Tara. Ko a makarantar taku ba a koya muku ƙirga ba?"

Yaya tana tsaye a ƙofar ɗakin girki, hannunta duk kumfar sabulu. Ba ta ɗaga murya ba, don kada Baba ya ji. Faɗanta na raɗa ya fi na ihu ciwo.

Na ce, "Ɗinkin gindinta ne ya saki. Dogo zai kama shi."

"Jiya ɗinki. Shekaranjiya maɓalli. Gobe kuma me zai saki? Kai dai bakinka ba ya saki."

"To ki je ki ɗauko mana."

"Ni na fitar da ita? Kai ka zazzage kayan aikin bawan Allah a kwalin sabulu kamar shara, ka saɓa jaka ka fice. Tun ranar bai ci abin kirki ba. Gari na wayewa sai ya kafa wa ƙusar nan ido. Ka san abin da ya sa ni jiya? Kwalin ya nuna, na ɗora masa a cinya. Kwali, Auta."

Na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Ɗago ka dube ni."

Ban ɗago ba.

"Ramin ƙarya ƙurarre ne," in ji ta. Ta koma kan kwanukanta.

Jakar ba ta wurin Dogo, maɗinkin shagon da nake aiki. Ba ta shagon ma gaba ɗaya. Kwana biyu ke nan da na sani.

Baba mai gyaran keken ɗinki ne. Shekara talatin da huɗu yana zagaya gidaje da shagunan teloli a kan kekensa, jakar nan rataye a gaba. Bahago ne. Da hagu yake riƙe sukundireba, da hagu yake ɗaukar jaka, da hagu ya taɓa marina sau ɗaya, ban manta ba. Jakar ta fatar saniya ce, wani baduku ya ɗinka masa ita shekarar da ya auri Inna. Ya ce fara ce a lokacin. Ni ban san ta fara ba. Na buɗe ido na gan ta da launin shayin da aka manta a kan wuta.

Bara hawan jini ya kayar da shi a ƙofar wani tela. Ɓarin hagu ya tafi. Hannun da ya ciyar da mu yanzu yana kwance a cinyarsa kamar kayan wani. Magana sai kalma biyu, uku, da ƙyar. Inna ta riga ta rasu, don haka Yaya ta dawo gida da zama. Kowace safiya takan sauko da jakar daga ƙusa ta ɗora masa. Sai ya buɗe da dama, ya fito da kayan ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan gado: sukundireba uku, filaya, gwangwanin mai, takardar allurai, ɗan burushi. Ya duba su. Ya mayar. Yakan yi awa guda a haka. Shi ne aikin da ya rage masa.

Da na gama sakandare ya ce da ni, "Ga jaka, ga keke. Gidaje sun san ni, za su san ka."

Na ce ban yi shekara shida ina goge benci don in ƙare da ƙwanƙwasa ƙofofin mutane ba. Ya mayar da jakar kan ƙusa. Takardar sakamakona tana cikin leda a ƙarƙashin katifa har yau. Na ƙare a shagon jakunkuna.

Ga aikina. Dogo ne maɗinki. Jakunkuna suna fitowa daga keken ɗinkinsa farare, ba rini, fata mai tsabta kamar ba ta taɓa zama a jikin dabba ba. A haka ba mai saye. Masu hali ba sa son a ga sun sayi sabo, so suke a ce gado suka ci. Ni ke ba su gadon.

Maigida, mai shagon, yakan bi layi da yatsa yana cewa, "Wannan ka ba ta shekara goma. Waccan ashirin."

Shekara goma rana ce da mai. A shanya a saman rufi, a juya kowace awa don kada gefe ɗaya ya riga ɗaya. A shafa mai da tsumma, kaɗan kaɗan, don fata ba ta mayar da abin da ta sha. Ashirin sai an ƙara ruwan ganyen shayi mai kauri, a goge kusurwoyi da takarda mai kaushi, a naɗe jakar a warware har ta karaya. Talatin kuwa sai da ruwan ƙusoshi masu tsatsa da na jiƙa a kwalba, ɗigo biyu a inda hannu ke yawan taɓawa. Daga ƙarshe kakin zuma. Mariƙi ba na sa masa tsumma. Tafina nake shafa wa mai in riƙe in yi ta murzawa, har babban yatsana ya bar gurbi. Shi ya sa nawa suka fi na kowa. A shago ba mai kirana da sunana. Talatin suke ce min.

Kafin ya faɗi, duk yamma Baba yana wanke hannu da kananzir a tsakar gida idan na shigo. Ba ya ɗagowa. Sai dai ya ce, "Mai ba da shekaru ya dawo. Yau shekara nawa ka raba wa jama'a?"

In ce, "Ɗari biyu."

Ya ce, "Ma sha Allah. Ni guda ɗaya nake ta fama da ita tun farkonta, har yau ban gama ba."

Tun da ya faɗi bai ƙara faɗa ba. Na ɗauka ya manta.

Abin da ya jawo, wani ɗan kasuwa ne mai kai kaya garuruwa. Ya juya jakunkunanmu a hannu ya ce wa Maigida, "Tsufa daban, datti daban. Waɗannan datti suka yi." A gabana ya faɗa. Raina ya ɓaci. Na ce na san inda tsufa na gaske yake, a ba ni kwana biyu.

Washegari da safe, kafin Yaya ta fito daga wanka, na juye kayan Baba a kwali. Idonsa biyu. Na ce, "Aro zan yi, Baba. Kwana biyu." Ya buɗe baki, maganar ba ta zo da wuri ba. Ban jira ta ba.

A kan teburin shago na fara ganin jakar. Shekara ashirin da ɗaya muna gida ɗaya ban taɓa dubanta ba. Bayanta ya fi gabanta duhu, inda take gogar cinyarsa. A saman murfi akwai lanƙwasa mai sheƙi, inda ƙarfen keke ya ci. Kusurwar ƙasa ta yi baƙi ƙirin, nan gwangwanin mai ya yi ta yoyo. Ƙarƙashin maɓalli kuma, inda rana ba ta taɓa shiga ba, akwai ɗan wuri fari kamar farcen yatsa. Nan na ga farin da yake faɗa.

Dogo ya auna ta, ya yanka ashirin da huɗu. Na yi mako ina kansu. Ban taɓa aiki irin wannan ba, kuma na san haka. Wannan sanin shi ya kashe ni.

Rana ta bakwai na jera su a dogon tebur. Sai shaiɗan ya raɗa min. Na ɗauko ta Baba na cusa mata takardu kamar sauran, na goge ta da kaki, na ɗaura mata 'yar takardar shago a mariƙi, na saka ta tsakiyar layi. Da hannuna.

Na ce, "Maigida, zo ka fitar min da ta gasken. Ba buɗewa, ba sunsunawa."

Ya sa tabarau. Ya nuna ɗaya. Na ce a'a. Ya nuna wata. Dogo ya fara tafi. Ya nuna ta uku, Dogo ya ce, "Maigida, bari kawai, kada ka zubar mana da girma." Maigida ya yi dariya har da riƙe ciki, ya dafa kafaɗata.

Na ce, "Ko mai ita ba zai gane ba."

Haka na ce. Baki shi ke yanka wuya.

Ana cikin dariyar sai ga ɗigon ruwa a kan kwanon rumfa. Akwai wasu jakunkuna goma sha takwas a saman rufi da na shafa wa mai da safe. Ɗigo ɗaya a kan fatar da ba ta sha kaki ba tabo ne na har abada. Na haura da gudu. Na yi ta kwasa ina saukarwa ƙarƙashin rumfa, ina gogewa. Bai fi rabin awa ba.

Da na sauko, rabin tebur fili ne.

Dogo ya ce, "Mutumin naka ya zo. Ruwa ya sa shi sauri. Ya ce yanzu kam kun yi tsufa. Sha biyu ya ɗauka."

Sha uku suka rage. Na tsaya ina kallonsu. Na ɗauka daga nesa zan gane ta. Ban gane ba. Na buɗe ta farko na zaro takardu. Cikinta fari. Ta biyu, fari. Na yi ta yi har ƙasa ta cika da takardu. Sha uku, duk cikinsu fari.

Maigida ya kira mutumin a waya bayan na roƙe shi sau uku. Sai washegari aka same shi. Ya ce ya riga ya sauke su a shaguna huɗu, wasu ma sun fita. Na karɓi wayar na ce a duba ciki, akwai mai baƙin ciki, tana warin man keke. Ya ce, "Malam, in bi shaguna ina sunsuna jakunkuna?" Ya kashe.

Maigida bai ji haushi ba. Da ma ya ji. Ya ce, "Talatin, ai da bakinka ka ce ko mai ita ba zai gane ba. Ɗauki ɗaya ka kai wa tsoho. Ta fi tasa ƙarko ma. Kyauta na ba ka."

Na ce na gode. Wallahi na ce na gode.

To wannan shi ne abin da nake ɗauke da shi ranar da Yaya ta tare ni a ƙofar ɗakin girki. Kafin in fita na leƙa ɗakin Baba. Yana gyangyaɗi, kwalin na gefen gado. Na zari gwangwanin mai na sa a aljihu. Na ce wa Yaya nan da kwana huɗu. Ta ce, "Allah ya kai mu," ba ta juyo ba.

A shago na zaɓi wadda ta fi kyau cikin sha ukun na kai wa Dogo. Na ce ya farke ɗinkin keke ya mayar na hannu, da basilla, kuma kada ya yi shi daidai. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Tsohon za ka yi wa?"

"Ka ɗinka kawai."

"Shekara ashirin ina koyon miƙe ɗinki, yau an ce in karkata shi. Duniya." Ya ɗauki jakar ta mariƙi, ya jijjiga. Sai ya tsaya. Ya mayar da ita ɗaya hannun. "Kai, Talatin. Tsohonka ba bahago ba ne?"

"Bahago ne."

"To ga yatsanka nan na dama ka dangwala masa. Duk ashirin da huɗun haka ka yi. Mu ba mu lura ba, don dukanmu da dama muke ɗauka. Shi kuwa ko makaho ne zai ji."

Na karɓa na riƙe da hagu. Gurbin yana can ɗaya gefen, babban yatsana yana kan fata sumul. Mako guda ina kallon jakar Baba, na kwafi tabon mai, na kwafi cizon ƙarfe, na kwafi har farin ƙarƙashin maɓalli. Hannun mutumin ne kaɗai ban gani ba.

Dogo ya yanke mariƙin ya ɗinka sabo. Fari tas, a kan jaka mai shekara talatin.

Kwana huɗu na yi a saman rufi. Maigida ya yi ta ƙorafi aiki ya tsaya, na ce masa ina gwada sabon salo ne. Ya ji daɗi.

Ciki na fara yi. Na juye jakar, na ɗiga man Baba a kusurwa, na bar shi ya bi fata yadda ya ga dama. Na zuba ƙusoshi da guntayen ƙarfe na yi ta girgizawa don su karce ta. Na goga toka, na goga baƙin da na kankaro daga kacar keken hawan Dogo. Warin ya fara zuwa. Da ya zo sai na ajiye jakar na koma can gefe na zauna. Warin rigarsa ne idan ya ɗauke ni ya ɗora a kan ƙarfen keke.

Akwai wani ɗinki da Inna ta taɓa yi a gefen murfi, da koren zare, ranar da ƙusa ta yage shi. Na tuna zaren. Na tuna ta ciza shi da haƙori. Abin da ban tuna ba, sau nawa ta soka. Bakwai ko takwas. Na rufe ido na yi ta ƙirgawa, wani lokaci bakwai, wani lokaci takwas. Jakar ta yi kwana bakwai a kan teburina ban ƙirga ba, don a ganina ɗinkin aibi ne, ba zan kwafa ba. Na yi bakwai. Na shanya zaren a rana, na jiƙa shi da shayi, har koren ya mutu.

Sai mariƙi. Na shafa wa tafin hagu mai, na ɗiga ruwan ƙusa, na kama. Hagun ba ta san komai ba. Tana zamewa, tana gajiya, yatsan ba ya komawa wuri ɗaya sau biyu. Dogo ya hau sama shan iska ya same ni ina zaune ina murza.

Ya ce, "Haka za ka yi? A zaune? Tsohonka a zaune ya yi nasa?"

"To ya zan yi?"

"Nauyi ne ke cin mariƙi, ba murza ba. Cika ta ka yi tafiya."

Na cika ta da ƙarafa, na ɗauka da hagu, na fara zagaya rufin. Taku sha huɗu zuwa bango, sha huɗu dawowa. Rana a ka. Daga can sama ina ganin titi, da shagunan teloli guda uku a jere, da wata mata da ta fito da kan keken ɗinki a cikin kwando tana neman mai gyara. Ta tsaya a shagon farko, aka nuna mata gaba. Ta tsaya a na biyu, aka girgiza kai. Na juya baya na ci gaba da takuna.

Dogo ya ce, "Ka ga ikon Allah. An ce ka ɗauki jaka ka zagaya gari ka ƙi. Ga shi kana zagaya rufi, ba ko sisi."

Na ce ya sauka. Ya sauka yana dariya. Da ya kai rabin matakala dariyar ta tsaya, na ji.

Rana ta biyu tafin ya yi bororo. Ta uku ya fashe, ruwan ƙusa ya shiga, na ga taurari da rana tsaka. Ban fasa ba. Na ce ai gara ma, gumi da jini su ma suna rina fata. Kafaɗar hagu ta sauko ƙasa da ta dama. Sai na tuna haka tasa take a duk hotunansa. Da can na ɗauka haka aka halicce shi.

Rana ta huɗu mariƙin ya yi duhu, ya kwanta, gurbin yatsa ya fito a gefen da ya kamata. Ban sa kaki ba. Na goga ƙasa a gindinta. Na kai wa Dogo.

Ya juya ta, ya buɗe, ya sunsuna. Ya daɗe.

"Da ban san ni na ɗinka ba," in ji shi. Bai ƙarasa ba. Ya miƙo min. "Allah ya rufa asiri."

Maigida ya hango ta daga ofis. Ya ce, "Kai! An samo ta?"

Na ce an samo.

Ya ce, "Ka gani? Ka tayar wa kanka hankali a banza. Amma kada ka yi nisa da ita, mutumin ya ce yana son wasu talatin."

Da la'asar na isa gida. Yaya tana kwashe shanya. Ta ga abin da ke hannuna, ta saki zanen gado a cikin bokiti. Ta karɓa. Ta duba gaba, ta duba baya. Ta kai hanci. Yatsanta ya tsaya a kan koren zaren, yana bin sukar ɗaya bayan ɗaya. Leɓenta yana motsi. Na kau da kai.

Ta ce, "Me ya sami hannunka?"

"Aiki."

"Da hagu kake aiki yanzu?"

Na dubi hannun. Tafin baƙi ne har cikin zanensa. Ruwan ƙusa ba ya fita da sabulu, sai fata ta sake.

Ta daɗe tana kallona. Yaya ta fi ni shekara tara, ita ta goye ni. Ta ce, a hankali, "Gwangwanin mai fa? Kwana huɗu yana nemansa."

Na zaro daga aljihu na ba ta. Ta jijjiga shi a kunne. Ya yi sauƙi.

Ta miƙo min jakar da gwangwanin tare. "Kai ka fitar. Kai za ka shigar."

Baba yana zaune a bakin gado, an jingina masa matashi. Ɗakin yana warin man zafi. Ƙusar tana nan a bango, da inuwar jakar da fenti ya riƙe a kewayenta. Na durƙusa na ce, "Baba, ga ta. An gyara ɗinkin."

Na ɗora masa a cinya.

Rabin fuskarsa mai rai ya motsa. Ya shafa murfin da dama, ya bi lanƙwasar ƙarfen keke da yatsa. Ya yi fama da maɓalli, ban taimaka ba, ba ya so. Ya buɗe. Ya sunkuya ya shaƙa. Ya lumshe ido.

Yaya ta jawo kwalin. Ya fara mayar da kaya. Sukundireba babba, matsakaiciya, ƙarama. Filaya. Takardar allurai. Burushi. Na miƙa masa gwangwanin, ya saka shi a kusurwarsa, daidai kan baƙin da na yi. Ya rufe. Na ce a raina, shi ke nan. Ko mai ita. Har wani abu mai kama da alfahari ya taso min, Allah ya yafe min.

Sai ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba, don ban taɓa zama har ƙarshen awarsa ba. Kullum ina ficewa tun yana jera kaya.

Ya sa dama ya ɗago hagunsa daga cinya, kamar mai ɗaukar jariri. Ya ɗora ta a kan mariƙi. Ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ƙarami, na kusa da shi, na tsakiya, manuni. Daga ƙarshe ya kama babban ya kwantar.

Hannun Baba babba ne. Ko da ya rame, ƙashin yana nan. Babban yatsan ya wuce gurbin da gaɓa guda. Ya kwanta a kan fata sumul, baƙin da na yi yana leƙowa ta ƙarƙashinsa.

Hagun ba ta jin komai, likita ya faɗa. Amma ido yana gani.

Ya ɗaga yatsan ya sake kwantarwa. Ya ja hannun baya kaɗan, sai sauran yatsun suka sauka daga nasu wurin. Ya mayar. Sau uku. A waje wani yana ta danna ƙararrawar keke. Yaya ta kama bakin ƙofa.

Ya bar hannun a inda yake. Ya ɗago. Bai dubi fuskata ba. Hannuna na hagu ya duba, wanda na dafa a gwiwa. Na tura shi aljihu, amma ya riga ya gani.

Bakinsa ya fara aiki. Idan magana za ta zo masa sai ta yi ta kai da komo a maƙogwaro, mu kuma mu jira. Da can ba na jira. Yau na jira. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Gefen leɓensa mai rai ya ɗan ɗaga, ban sani ba ko murmushi ne ko wahalar furuci.

"Auta."

"Na'am, Baba."

Ya buga murfin jakar da yatsa, sau biyu, a hankali.

"Wannan... shekara nawa ka ba ta?"